Dogon sifirin da shakazobar baya a tsohuwar mota: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu riƙe da tsofaffin motoci a Legas, musamman masu Peugeot 504 da 505, da Mercedes W123 da W124, da Volvo 240, har da 'yan tsirarun da har yau ba su rabu da Beetle ba. Ko a garejin Agege ne, ko Idi-Araba, ko Mile 12, kukan kusan ɗaya ne: an ɗaga bayan mota da sabon sifirin, sai ga ƙara ta ɓullo, ko motar ta koma tsalle-tsalle. An fara da masu sauƙi, masu zurfin suna gaba.

Me ke sa mutane ɗaga bayan mota tun farko?

Galibi ba don ado ba ne. Sifirin da ya yi shekara 30 ko 40 yana ɗauke da mota ya gaji, baya ya zauna, salansa ta fara gogar tudun rage gudu. Ga ruwan damina da ke kwanciya a titi a watannin Yuni da Yuli, ga ramukan cikin unguwa. Sannan tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawa sun ɗora tukunyar gas ta CNG a but, wadda nauyinta ke zaune a bayan mota dare da rana.

Sai dai ka bambance gyara da ƙari. Idan sabon sifirin ya mayar da motar tsayinta na kamfani ne kawai, ba ka ɗaga ta ba, kuma shakazoba mai tsawon asali ta ishe ka. Sauran tambayoyin nan na wanda ya wuce tsayin asali ne.

Idan na sa doguwar shakazoba kawai, ba za ta ɗaga motar ba?

Ba za ta ɗaga ba. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta. Aikin shakazoba shi ne hana sifirin ci gaba da lilo bayan an taka rami: a cikinta akwai fistin da ke tura mai ta ƙananan ƙofofi, wannan turjiyar ce ke kashe tsallen. Mai gas takan ɗan ɗaga motar da 'yan milimita, ba abin da ido zai kama ba. Ban da wannan, akwai nau'i na musamman masu daidaita tsayi da kansu, an yi maganarsu a tambayar Mercedes da Volvo.

Na sa dogon sifirin na bar tsohuwar shakazoba. Yanzu idan taya ta faɗa rami sai in ji "gwam" a baya. Mene ne?

Shakazobar ce ke kaiwa ƙarshen miƙewarta. Kowace shakazoba tana da iyaka biyu: tsawonta idan ta miƙe gaba ɗaya, da tsawonta idan ta tsuke gaba ɗaya. Tazarar da ke tsakani ita ce tafiyarta. Kamfani ya tsara motar ta zauna wajen tsakiyar wannan tafiya, don taya ta samu wurin hawa sama da wurin sauka ƙasa. Da ka ɗaga motar, ka cinye rabon sauka. Taya na son bin rami, shakazoba ta riƙe ta, fistin ya bugi murfin sama, ka ji ƙarar.

Ƙarar ba ita ce babbar illa ba. Tayar da aka hana sauka tana rabuwa da kwalta na ɗan lokaci, kuma tayar da ke iska ba ta birki, ba ta riƙe kwana. A kan jiƙaƙƙen titi, ko a mahaɗar ƙarfen gadar Third Mainland da gudu, wannan ɗan lokacin ya isa baya ya goce. A hankali kuma bushin ke yagewa, mazaunin shakazoba na sama ya tsage, abin da ya fi saurin faruwa a motar da tsatsar iskar teku ta riga ta ci.

To ai sai in sayi wadda ta fi tsawo, ko?

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa rami na biyu. Shakazobar da ta fi tsawo a miƙe, kusan kullum ta fi tsawo a tsuke ma, domin sandar da ta fito dole ta samu gangar da za ta koma ciki. Idan tsawonta a tsuke ya wuce wurin da motarka ke da shi, ranar da ka cika but da kaya ka hau tudu, shakazobar ce za ta ƙure kafin robar tsayarwa, wato robar da ke tare aksil ko hannun taya idan ya hau sama sosai, ta taɓa. Robar an yi ta ne don shan wannan duka. Shakazoba ba a yi ta don haka ba: bawul ɗin ƙasa ya fashe, sanda ta lanƙwashe, ko kuma ta huda mazauninta ta leƙo cikin but.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, a motoci da yawa shakazoba ce ke hana aksil ko hannun taya sauka fiye da ƙima. Idan ta yi tsawo da yawa, aksil zai sauka har sifirin ya saki daga kujerarsa, tiyon birki ya miƙe ya ɗaure, shaf ɗin taya ya karkace fiye da yadda mahaɗarsa za ta jure. Don haka tambayar ba "wacce ta fi tsawo" ba ce. Lambobi biyu kake nema, kuma motarka ce kawai za ta ba ka su. Duba tambayar awo.

Yaya ake yin awon?

Awo uku ne, duk tsakanin mazaunin shakazoba na sama da na ƙasa, da sabon sifirin a jikin motar. Idan kan shakazobar zobe ne, ana aunawa daga tsakiyar ramin kusa. Idan sanda ce mai noti, daga inda roba ke zama a jikin ƙarfe. Ka riƙe hanya ɗaya a duka awon, ka rubuta a takarda, kada ka dogara da ƙwaƙwalwar yaron gareji.

Na farko, motar na tsaye a kan tayoyinta a shimfiɗaɗɗen siminti, da nauyin da ta saba ɗauka. Idan akwai tukunyar gas, tana ciki. Idan kullum kana ɗauke da kaya, ka ajiye buhun siminti ɗaya ko biyu a but, kowanne kilo 50 ne. A ɗan zagaya da motar tukuna don sabon sifirin ya zauna. Na biyu, a ɗaga gangar motar a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, a tallafi aksil ko hannun taya da jak, sannan a kwance shakazoba. A sauke jak ɗin a hankali, ido na kan abu uku: sifirin, tiyon birki, da shaf. Duk wanda ya fara nuna alama, sifirin ya fara motsi a hannu ko tiyo ya fara miƙewa, a tsaya a auna. Shakazobarka a miƙe dole ta gaza wannan lamba da kamar santimita 1. Na uku, a cire sifirin, a tura hannun taya sama da jak har robar tsayarwa ta matse sosai, a auna. Shakazobarka a tsuke dole ta gaza wannan ma da santimita 1 ko fiye, saboda roba na ƙara matsewa a dukan gaske fiye da yadda jak ke matse ta.

Gargaɗi ɗaya: kada a kwance shakazoba alhali babu jak a ƙarƙashin hannun taya. Sifirin da ke matse yana da ƙarfin karya hannu ko fiye, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulo ma ba abin dogaro ba ne, yana farfashewa ba sallama.

Na samu lambobin. Yaya zan karanta su?

Ga misali, lambobin na kwatance ne kawai, ba na wata mota ba. A ce shakazobar asali tana da santimita 52 a miƙe, 33 a tsuke, tafiyarta 19 ke nan. Da tsohon tsayi motar na zaune a 43: taya na da 9 na sauka, 10 na hawa. Da sabon sifirin motar ta koma 48. Saura 4 kacal na sauka, ga tushen ƙarar nan.

A ce awo na biyu ya ba ka 57, na uku ya ba ka 36. Abin da kake nema shi ne wadda ba ta wuce 56 a miƙe ba, ba ta kuma wuce 35 a tsuke ba. Mai 55 da 35 ta dace: 7 na sauka ke nan daga cikin tafiya 20. Mai 60 da 39 kuwa, wadda mai shago zai rantse maka ita ce "hebi duti", ta faɗi ta kowane gefe. A ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi, rabon sauka kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku na tafiyar, sauran na hawa.

Idan babu wadda ta cika sharuɗɗan biyu, akwai zaɓi: a ƙara tsawon robar tsayarwa daidai da abin da shakazoba ta ƙaru a tsuke, ko a rage tsayin da aka ɗaga. Na biyun ya fi zama alheri sau da yawa, ko da yake ba kowa ke son jin haka ba bayan ya biya kuɗin sifirin.

Na ƙara santimita 2 a sifirin, amma motar ta tashi fiye da haka. Me ya faru?

A motar da kowace tayar baya ke da hannunta, sifirin ba a kan tayar yake zaune ba, yana wani wuri ne tsakanin maƙalar hannun da tayar. Ƙaramin ƙari a wurin sifirin yana zama babba a bakin taya. Idan sifirin na tsakiyar hannun daidai, santimita 2 za ta zama kusan 4. Haka ma shakazoba: tsayin da motar ta ƙara a bakin taya ba lallai ya zama shi ne abin da shakazoba ke buƙata ba, musamman idan a karkace aka ɗaura ta. Shi ya sa ake aunawa a mazauninta, ba a bakin madigadi ba.

Sifirin mai tsawo da sifirin mai tauri, ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma bambancin ya shafi zaɓen shakazoba kai tsaye. Tsawo na canza inda motar ke zama. Tauri na canza yadda take amsa duka. Sifirin na iya zama dogo mai laushi, ko gajere mai tauri. Taurin na zuwa ne daga kaurin ƙarfen, da faɗin naɗin, da yawan zagayen: ƙarfe mai kauri da zagaye kaɗan ya fi tauri. Kaurin ne ma ya fi tasiri, domin ƙarin kashi 10 cikin 100 a kauri na ƙara tauri da kusan kashi 46.

Idan taurin bai canza ba, matsalarka ta tsawo ce kawai. Idan ya ƙaru, shakazoba na buƙatar ƙarin ƙarfin riƙewa, musamman lokacin da sifirin ke komawa bayan an matse shi, in ba haka ba baya zai riƙa harbawa sama. Amma buƙatar ba ta tashi kafaɗa da kafaɗa da taurin: sifirin da ya ninka tauri yana neman ƙarin riƙewa na kusan kashi 40 cikin 100 ne, ba ninki ba. Wanda ya haɗa sifirin mai tauri da shakazobar babbar mota mai ƙarfin tsiya, zai samu motar da ke karkaɗa haƙora a kan kowane tsagin kwalta.

Ina da Peugeot 504. Akwai abin da ya keɓanta da ita?

Abu na farko, ka san wace 504 ce gare ka. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Najeriya (PAN) da ke Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya yi shekaru masu yawa yana harhaɗa ta, kuma bayanta ba iri ɗaya ba ne. Akwai salun mai hannun taya daban-daban, akwai mai aksil guda. Wagon na da aksil guda da sifirin naɗi biyu a kowane gefe. Fikof kuwa sifirin falle-falle gare ta. Shakazobar ɗaya ba ta zama ta ɗaya don kawai duk sunansu 504, kuma ɗauko sifirin wagon a cusa wa salun ba tare da awo ba shi ne mafarin yawancin koke-koken da ke sama.

Abu na biyu, tana da bawul mai daidaita ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin da ke kan motar. An yi bayaninsa a tambayar abubuwan da ɗagawa ke taɓawa.

Mercedes da Volvo fa? Beetle kuma?

A Mercedes W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, da W124 da ta gaje ta, kamfanin da kansa ya tanadi hanyar gyara tsayi: robar da ke kan sifirin tana zuwa da kauri daban-daban, ana gane ta da 'yan ƙurajen da ke gefenta, ɗaya, biyu ko uku. Sau da yawa sabon sifirin asali da roba mai kauri sun isa, ba tare da an taɓa tsawon shakazoba ba. A W123 shakazobar baya ta ratsa ta cikin sifirin ne, don haka gargaɗin jak ya ninka a nan. Wagon ɗin Mercedes kuma tana da tsarin mai da famfo da ke daidaita tsayin baya da kansa. Abin da ke wurin shakazoba a cikinta yana taya ɗaukar nauyi, sifirinta kuma mai laushi ne. Wanda zai cire tsarin dole ya canza sifirin da shakazoba tare.

Volvo 240 aksil guda gare ta, da sanda a gicciye da ke riƙe aksil ɗin a tsakiya. Wasu Volvo sun zo da shakazoba mai ɗaga kanta, Nivomat, wadda ita ma sifirinta mai laushi ne, hukuncinsu ɗaya da wagon ɗin Mercedes. Beetle, wadda aka harhaɗa a masana'antar Volkswagen da ke Ojo a kan hanyar Badagry, ba ta da sifirin naɗi a baya sam. Sandar murɗawa gare ta, kuma ana ɗaga ta ne ta juya haƙoran sandar. A masu aksil mai lilo, ɗaga baya da yawa na sa ƙasan tayoyi su shige ciki, motar ta zama mai hatsari a kwana. Ni dai ba na ba da shawarar wuce tsayin asali a irinsu.

Bakanikena ya ce zai yi wa tsohuwar shakazoba ƙari da ƙarfe. Ya halatta?

Ƙari na tura shakazobar gaba ɗaya ne, yana ƙara tsawonta a miƙe da a tsuke daidai wa daida, tafiyarta ba ta ƙaru ko milimita ɗaya ba. Idan ƙarin na noti ne da aka ƙera don haka, bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kuma awo na uku ya nuna akwai wuri ko an ƙara robar tsayarwa, ana iya lallaɓawa da shi.

Walda a jikin gangar shakazoba kuwa, a'a. Akwai mai a ciki, wasu da gas mai matsi, zafi na ƙona roba, yana kuma iya fasa ta a fuskar mai waldan. Haka nan ɗora sifirin a wuta don a ja shi ya yi tsawo: ƙarfen ya rasa ƙarfinsa, zai zauna cikin ɗan lokaci ko ya karye.

Mai gas ko mai mai zalla?

Dukansu mai ne ke aiki a ciki. Gas ɗin naitirojin an sa shi ne don hana man yin kumfa idan ya yi zafi, abin da ke faruwa a doguwar gargada. Akwai mai ganga biyu, irin KYB Excel-G da yawancin Sachs da Monroe, mai taushi ce, ta fi kusa da yadda tsofaffin motocin suka fito. Akwai mai ganga ɗaya, irin wadda aka san Bilstein da ita da KYB Gas-a-Just, ta fi saurin fitar da zafi da riƙe sifirin mai tauri. Sai dai ɗakin gas ɗinta na cin wuri a cikin gangar, saboda haka a tsuke takan fi tsawo idan tafiyarsu ɗaya da mai ganga biyu. Ga wanda wurinsa ya matse a awo na uku, wannan na iya yanke hukunci. Wasu samfuran Koni kuma ana iya daidaita ƙarfinsu, abin da ke da amfani idan ba ka san taurin sifirinka ba.

Zan shiga Ladipo. Me zan riƙe, me zan duba?

Ka riƙe tsohuwar shakazoba, da takardar awonka, da tef. A Ladipo da ke Mushin, ko Owode Onirin, idan ka ce "ta 504" za a miƙo maka abin da ke kusa da hannu. Ka ce a miƙe ta ka auna, a tsuke ta ka auna. Ka duba kawunan biyu: zobe ne ko sanda, faɗin zoben, da girman ramin kusa. Shakazobar wata mota daban na iya dacewa, babu laifi a hakan, muddin lambobi da kawuna sun yi daidai kuma nauyin motocin bai yi nisa da juna ba.

Idan tokumbo ce, ka riƙe ta a tsaye yadda take zama a mota, ka tura ka ja sau da yawa. Ya kamata ka ji turjiya tun daga farko har ƙarshe, ba wurin da ta zarce fayau, kuma ja ya fi turawa wuya. Ka shafa sandar da yatsa: tsatsa, ƙwarzane ko danshin mai, ka ajiye. Sabon fenti a jikin tsohuwar ganga ba shaida ba ce. Wannan gwajin hannu na fallasa matacciya ne kawai, ba ya tabbatar da lafiyayya, don haka ka yi magana da mai shago kan canji kafin ka biya, ka karɓi rasit.

Ban da shakazoba, me kuma ɗagawa ke taɓawa?

Birki ne kan gaba. A motocin da ke da bawul mai auna nauyi, bawul ɗin na kallon tsayin baya ne: idan baya ya tashi, sai ya ɗauka motar ba kaya, ya rage ƙarfin birkin baya. Ka ɗaga mota ka cika ta da kaya, bawul na nan yana cewa wayam take. Dole a sake saita sandarsa. Tiyon birki da wayar birkin hannu ma a duba, a sa masu tsawo idan sun ɗaure.

Sauran: fitilun gaba na sunkuyawa idan baya kaɗai aka ɗaga, sai an sake saita su. A masu hannun taya daban-daban, tayoyin na karkata, gefen waje ya riƙa cinyewa. A masu aksil guda, sandar gicciye na jan aksil ɗin gefe ɗaya, farfela, wato shaf ɗin da ke kai ƙarfin inji ga aksil ɗin baya, kuma ta canza kusurwa, wani lokaci har a ji kaɗawa. Motar da ta ƙara tsayi tana ƙara kwanciya a kwana. Bayan aikin, a kai ta alaimen.

Shakazoba ɗaya ce ta lalace. Dole sai na canza biyu? Kuma yaya zan san aikin ya yi?

Biyu, iri ɗaya, kamfani ɗaya. Sifirin ma haka. Wurin ɗaurawa, a sa kusoshin zobe a sake, a sauke motar kan tayoyinta, sannan a ɗaure su tamau. Idan aka ɗaure taya na rataye, robar bushin za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri. Notin sanda kuma ba a matse shi har roba ta baje, kuma ba a kama sandar mai sheƙi da filaya.

Gwaji mai sauƙi: ka danna kusurwar baya da ƙarfi ka saki, ta tashi ta zauna, ba ta yi ta lilo ba. Sannan ka ɗaura siririn igiyar roba mai zugewa a jikin sandar shakazoba, idan ana iya kaiwa gare ta, ka tura ta ƙasa har ta taɓa ganga. Ka ɗauki kayan da ka saba, ka bi hanyar da ka saba. Da ka dawo, ka duba inda ganga ta tura igiyar. Idan ta kai can ƙarshen sanda, shakazobar na ƙurewa, sai a koma ga robar tsayarwa. Bayan mako ɗaya ko biyu a sake auna tsayin motar a bi kusoshin da sifana, domin sabon sifirin yakan ɗan zauna.